Ra'ayinmu: Tsakanin Kano da Ikko, Ina Naira Ta Fi Auki?

Kowace shekara idan jarrabawar ƙarshe ta ƙarato, akwai wata gardama da ba ta fasa tashi a ɗakunan kwanan 'yan ajin ƙarshe da gindin itatuwan da mu ke zama shan iska. Wani ya ce shi da ya ajiye alƙalami sai Ikko, domin can kuɗi su ke. Wani ya ce ko ɗaure shi za a yi ba zai bar Kano ba, domin a nan ne ɗan abin da mutum ya samu zai kai shi ƙarshen wata. Akan raba dare ana ja, kowa yana kafa hujja da wani yayansa ko wani ɗan unguwarsu, a tashi ba a raba gardama ba. Mun ga ya kamata wannan mujalla ta sa baki, saboda maganar ta fi ƙarfin hirar dare. Nan da 'yan watanni da yawa daga cikinmu za su karɓi takardar bautar ƙasa, bayan shekara guda kuma su shiga neman abin yi. Wanda ya yi kuskuren lissafi a wannan gaɓa, iyayen da suka sayar da hatsi ko ɗan bijimi suka biya masa kuɗin makaranta su ne za su fara ji a jikinsu.

Bari mu fara da abin da ya ke a rubuce, wanda babu mai musu a kansa. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira 70,000 a wata, daga Naira 30,000 da aka yanka a 2019. Kafin shekarar ta ƙare Gwamnatin Jihar Legas ta bayyana cewa za ta biya ƙaramin ma'aikacinta Naira 85,000, ta Jihar Kano kuwa ta tsaya a kan Naira 71,000. Watau tazarar da ke tsakani Naira 14,000 ce. In aka raba ta a kan kwanakin aiki 22 na wata, za a ga ba ta wuce Naira 640 a yini ba. To, sai mu tambayi 'yan'uwanmu masu ɗokin tafiya: wannan ɗan ƙari zai cike bambancin kuɗin mota, zuwa da komowa, tsakanin mai fitowa daga Ikorodu zuwa tsibirin Ikko da mai fitowa daga Rijiyar Zaki zuwa Sabon Gari? Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar danfo da sassafe ya san amsa.

Ga mai bautar ƙasa ma abin ya fi fitowa fili. Tun daga watan Maris na 2025 alawus ɗin da Gwamnatin Tarayya ta ke biya ya koma Naira 77,000, daga Naira 33,000, kuma kuɗin ɗaya ne ko a Agege aka jefa mutum ko a Gwarzo. In aka raba shi a kan kwana 30, abin da ya ke zuwa bai kai Naira 2,600 a yini ba, kuma a cikinsa za a ci, a sha, a hau mota, a sayi sabulu. Wasu jihohi da wasu ma'aikatu sukan ɗan ƙara wani abu, amma gindin kuɗin bai san bambancin gari da gari ba. Kasuwa kuwa ta sani sarai.

Babban ramin da ke haɗiye albashi a Ikko shi ne muhalli, kuma dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano da Jihar Legas kowacce mutum fiye da miliyan 9, alhali ƙasar Jihar Kano ta ninka ta Legas fiye da sau biyar, ga shi kuma ruwa da fadama sun cinye wani babban kaso na ɗan abin da Legas ta ke da shi. Inda jama'a suka yi yawa ƙasa ta yi kaɗan, mai gida shi ne sarki. Wanda ya je neman ɗaki ba kuɗin hayar shekara kaɗai zai ajiye ba. Akwai la'adar dillali, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, galibi kowanne kashi 10 cikin 100 na kuɗin hayar, sa'an nan akwai kuɗin ajiya wai don ko ya ɓata wani abu a gidan. Dokar haya da jihar ta yi a 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara guda a hannun sabon ɗan haya, amma ta tsame Ikoyi da Victoria Island da Apapa da unguwar Turawa ta Ikeja, kuma ko a inda ta ke aiki, wanda ya kwana bakwai yana yawon neman ɗaki ba ya tsayawa karanta wa mai gida doka.

Kano kuwa a shimfiɗe ta ke bisa sarari, duk inda ta juya akwai fili. Shi ya sa ta ke ta miƙewa ta Ɗorayi da Rijiyar Lemo da Sheka da Naibawa, ana yanka gonaki ana mai da su unguwanni, da yawansu awon igiya. Haya ta hau a Kano ƙwarai, kada wani ya ce mun ce ba ta hau ba, amma har yau samari da yawa suna da ɗan shago a ƙofar gidan ubansu ko na kawunsu, inda za su fara rayuwa ba tare da biyan ko kwabo ba. Wannan shago, da mu kan raina, shi kaɗai ya isa ya rinjayi ma'aunin da mu ke yi.

Wanda ya gudu wa tsadar haya a tsakiyar Ikko kuwa, sai ya faɗa wa tsadar hanya. Dubban ma'aikata sun koma zama a Ikorodu, wasu ma sun tsallaka Jihar Ogun, su Sango Ota da Mowe, suna shigowa aiki kullum. Gadar nan ta uku da aka buɗe a 1990, wadda ta kusa kilomita 12, da safe takan cika maƙil da motoci. Mutum ya tashi tun kafin asuba, ya komo bayan lisha, ya ba hanya sa'a huɗu ko biyar daga cikin yininsa. Babu mai rubuta wannan lokaci a takardar albashi, amma kuɗi ne: lokacin da za a yi ƙarin karatu ne, ko wata 'yar sana'ar yamma, ko a dafa abinci a gida maimakon saye a titi. Mu yi adalci, gwamnatin can ta taɓuka. Ta fito da manyan motocin safa masu hanyarsu ta kansu a 2008, ta kuma buɗe jirgin ƙasa na cikin gari a 2023. A Kano tun da aka hana acaɓa a 2013, mafi yawan jama'a a kan Adaidaita Sahu suka dogara, amma garin bai kai Ikko wahalar ratsawa ba, kuma mai keke ma yana iya zuwa aikinsa ya komo.

Sai dai a nan akwai wani abin da ya juya wa Kano baya. A ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya bayyana a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare. Litar da a ke saye ƙasa da Naira 200 ta koma wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a gidajen mai da yawa. A 1975 aka kafa wani asusu da a dā ya riƙa biyan kuɗin dakon mai zuwa nesa, domin farashi ya zama ɗaya a duk ƙasa. Da aka sakar wa kasuwa farashi, sai nisa ya koma kan mai saye. Tashoshin jiragen ruwa a Ikko su ke, matatar Ɗangote ma a Lekki ta ke, saboda haka tankar da ta yi tafiyar kilomita wajen 1,000 zuwa Kano, Bakano ne zai biya kuɗin tafiyarta.

A wajen abinci ne Kano ta ke ramawa. Kasuwar Dawanau tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, gero da dawa da masara da wake nan su ke sauka kafin su bazu. Dam ɗin Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure, inda tumatir da albasa da shinkafa ke fitowa. Kwandon tumatir da aka ɗora a Kura, kafin ya isa kasuwar Mile 12 ya biya man gas na babbar mota, ya biya direba da yaran mota, ya biya a kowane shinge na hanya, na hukuma da na son zuciya, sa'an nan a lissafa wanda ya ruɓe a tafiya a ɗora wa wanda ya tsira. Haka shanun da a ke yankawa a mayankar Agege. Matar da ke cefane a Mushin duk ita ke biyan wannan, alhali takwararta ta 'Yan Kaba ba ta san da shi ba.

Mun ga zahirin wannan a ƙarshen Fabrairu na 2021, sa'ad da 'yan kasuwar abinci da dabbobi na Arewa suka tsai da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan. Cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa da nama suka yi tashin gwauron zabo a Ikko. Amma kada mu manta da ɗaya rabin labarin: a daidai wannan lokaci tumatir yana ruɓewa a hannun manoman Kano, babu mai saye ko da a wulaƙance. Garuruwan nan biyu igiya ɗaya ta ɗaure su, kowanne ya ja sai ɗan'uwansa ya ji.

Haka kuma akwai kayan da hanyarsu ta biyo ta ɗaya gefen. Manja da garin kwaki da ayaba da kifin teku da goro daga Kudu su ke haurowa. Duk abin da aka shigo da shi daga ƙetare ta Apapa ko Tin Can, daga magani zuwa kayan gyaran mota da takardar buga littattafai, sai ya ƙara kuɗin mota kafin ya zo Sabon Gari ko Singa. Tun da aka saki Naira a watan Yuni na 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin hukuma ta wuce Naira 1,500 a farkon 2024, wannan kaya ya yi wa kowa tsada, amma na nesa da teku ya fi ɗanɗanawa. Ga kuma ruwa. A unguwannin Kano da yawa famfo ya zama ado, sai an tari ɗan garuwa da kurarsa, kuma da bazara ta kama, jarka takan ƙara kuɗi daidai lokacin da a ke fi bukatarta.

Akwai wani lissafi kuma da ba a koya mana a aji, watau na zumunci. Wanda ya kama aiki a garinsu, albashinsa ba nasa ba ne shi kaɗai. Yau suna, gobe biki, jibi an kwantar da gwaggo a asibiti, ga ƙanne na jiran kuɗin makaranta. Wasu daga cikinmu ma, in za su faɗi gaskiya, wannan nauyi su ke gudu, shi ya sa Ikko ta ke ba su sha'awa. Amma zumuncin nan da ke cin albashi shi ne kuma ke tallafar mutum ran da albashin ya yanke. Wanda aka sallama daga aiki a Kano zai ci tuwon dare a gidansu. Wanda aka sallama a Ikko, mai gida ba kawunsa ba ne. Ga kuɗin motar zuwa gida da salla ko in an yi rasuwa, ga aiken da dangi za su sa ido a kai, tun da an ce ɗansu yana Ikko.

Masu kafa hujja da ɗan unguwarsu da ya tafi ci-rani ya komo ya gina gida, muna roƙonsu su ƙara masa tambaya ɗaya: a ina ya ke kwana? Hausawa sun daɗe a Agege da Idi-Araba da Obalende, kuma da yawa daga cikin masu aiko da kuɗi gida sun iya yin haka ne domin sun soke kuɗin haya daga lissafinsu. Suna kwana su shida ko takwas a ɗaki guda, ko a rumfar kasuwa, ko a ƙofar gidan da su ke gadi, sun bar iyali a gida inda hatsi ke da sauƙi. Watau suna samu da farashin Ikko, suna kashewa da farashin ƙauye. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ta cancanci girmamawa, amma mai digiri da ke son ɗaki da falo da taye a wuya ba zai iya bin ta ba.

To, ashe ke nan hukuncinmu shi ne kowa ya zauna Kano? A'a. Da mun faɗi haka da mun yaudari masu karatu. Araha ba ta amfanar wanda aljihunsa ya ke wayam. Ko da ya ke an mai da babban birnin ƙasa Abuja tun 1991, manyan ofisoshin bankuna da kamfanoni da tashoshin jiragen ruwa suna Ikko. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, waɗanda a dā su ke ɗaukar dubban ma'aikata, da yawansu sun rufe tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga rashin wutar lantarki, ga atamfar waje da ta cika Kantin Kwari. Wanda ya karanta aikin injiniya ko lissafin kuɗi ko ilmin kwamfuta, yana iya samun aikin da albashinsa ya ninka na Kano sau da yawa, har ya biya haya da mota ya yi saura mai kauri, ya kuma koyi abin da ba zai koya a gida ba. Irin wannan mu kam ba mu hana shi tafiya, har rakiya za mu yi masa tasha. Wanda mu ke ja wa kunne shi ne mai tafiya da ƙaramin albashi, ko mai tafiya ba da takardar ɗaukar aiki a hannu ba, don kawai ya ji an ce can kuɗi su ke.

Kuma ya kamata mu masu ilmi mu tambayi kanmu, arahar Kano da mu ke alfahari da ita, gumin wa ke biyan ta? Tumatir yana da sauƙi a 'Yan Kaba domin manomi ba shi da inda zai adana shi, dole ya sayar ko ya yi asara. Wanki da dako da gini suna da sauƙi domin masu neman aikin sun fi aikin yawa. Abin da mai albashi ke kira sauƙin rayuwa, a wajen leburan da ke yi masa aiki sunansa talauci. Garin da arahar sa ta dogara ga rashin aikin yi bai kamata 'ya'yansa su yi ta buga ƙirji ba.

Tarihi ma ya riga ya yi mana gargaɗi game da ruɗin adadi. Da aka biya ƙarin albashin Udoji a farkon 1975, har da bashin watannin baya, ma'aikata sun yi murna, aka yi ta sayen rediyo da babur. Kafin shekarar ta fita hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100, kasuwa ta karɓe abin da gwamnati ta bayar. A watan Disamba na 2024 ma, watanni kaɗan bayan sabon albashi, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Magabatanmu ɗalibai sun san darajar ƙaramin lissafi. A 1978 ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini shi ya fito da su kan titi a zanga-zangar da a ke kira Ali Must Go, har aka rasa rayuka a Ikko da Zariya. Sun gane cewa kwabo 50 a yini, in aka tara shi shekara, shi ke raba ɗan talaka da karatu.

Saboda haka muna da kira uku. Na farko ga 'yan'uwanmu masu fita. Kafin ka karɓi aiki a kowane gari, ɗauki takarda ka rubuta albashin a sama. Ka cire hayar shekara da la'adarta bayan ka raba su goma sha biyu, ka cire kuɗin mota na kwana 22, da abinci, da ruwa da wuta, da kuɗin zuwa gida ko da sau biyu a shekara, da abin da za ka aika wa iyaye. Abin da ya rage a ƙasan takardar shi ne albashinka na gaskiya, shi za ka gwada da na ɗaya garin. Ka kuma rubuta sa'o'in da hanya za ta ci, ka dube su da kyau.

Na biyu ga Ƙungiyar Ɗalibai. Muna da tsofaffin ɗalibai a Ikko da Kano da sauran manyan garuruwa, muna kuma da sashen nazarin tattalin arziki cike da masu neman abin bincike. Me zai hana ƙungiya ta kafa ɗan kwamiti da zai riƙa tattara farashin kwanon shinkafa da na wake, da hayar ɗaki guda, da kuɗin mota, daga bakin waɗanda ke zaune a can, a buga a wannan mujalla kowace shekara kafin a raba takardun bautar ƙasa? Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi mai yawa, kuma zai fi wa ɗalibai amfani a kan yawancin bukukuwan da mu ke kashe kuɗin ƙungiya a kansu. Shafukanmu a buɗe su ke.

Na uku ga hukuma. Ƙa'idar bautar ƙasa ta ɗora wa ma'aikatar da aka tura wa matashi ta ba shi masauki ko kuɗin da zai maye gurbinsa. A tsaya a ga an bi wannan, musamman a garuruwa masu tsadar haya. Sa'an nan a dubi hanyar jirgin ƙasa. Tun 1911 jirgi ya iso Kano, shi ya yi dakon gyaɗar da aka gina ƙasar nan da kuɗinta. An buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Ikko zuwa Ibadan a 2021, a shekarar kuma aka ɗora harsashin na Kaduna zuwa Kano. Ran da aka haɗa waɗannan guntaye, taragon kaya ya riƙa tashi daga Kano ya kwana Ikko, tumatir zai sauko wa matar Mushin, mai da magani su sauko wa mutumin Kurna, manomin Kura kuma ya sami farashin da zai riƙe shi. Ga Gwamnatin Jihar Kano kuwa, ruwan famfo da wutar da za ta ta da masana'antu su ne za su tsai da 'ya'yanta a gida, fiye da kowace irin nasiha da mu ko wani zai yi musu.

Muna yi wa 'yan ajin ƙarshe fatan alheri a jarrabawarsu. Wanda ya zaɓi Ikko ya sauka lafiya, wanda ya zaɓi Kano ya zauna lafiya, amma kowa ya yi lissafinsa tun yana nan cikin makaranta, kafin ya sayi tikitin mota.